Bin diddigin Kyaftin Abraham Lincoln, kakan da aka kashe a bakin gona

A watan Maris na 1848 wani saƙo ya iske Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a birnin Washington, lokacin yana ɗan majalisar wakilai daga jihar Illinois. Mai saƙon, Solomon Lincoln, mutumin garin Hingham ne a jihar Massachusetts, kuma so yake ya ji ko tsatsonsu ɗaya. Amsar da ya samu gajera ce. Lincoln ya ce sunan mahaifinsa Thomas, sunan kakansa Abraham. Kakan ya taso daga gundumar Rockingham ta Virginia zuwa Kentucky wajen 1782, bayan shekara biyu 'yan asalin ƙasar suka kashe shi. Ya ce a gidansu ana ɗan jin ƙishin-ƙishin cewa mahaifin kakan nasa daga Pennsylvania ya zo, kuma ɗan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne. Daga nan labari ya yanke masa. Abin ya tsaya masa a rai, domin a cikin makonnin nan ya rubuta wa wani David Lincoln na Rockingham yana tambayar sunan kakansa da ɗariƙarsa, ko Allah zai sa su haɗu a wani wuri.

Wannan kaka, wanda ya yi kyaftin a rundunar sa-kai ta Virginia lokacin yaƙin neman 'yanci, yana cikin dubban da suka tsallaka duwatsun Appalachia suka shiga daji da gatari da bindiga. Da jikansa bai zama shugaban ƙasa ba, da babu wanda zai tona labarinsa. Amma da yake an shafe fiye da shekara ɗari ana tonawa, tarihinsa ya zama wuri mafi kyau da mutum zai ga yadda ake bin salsalar irin waɗannan mutane, da inda baki ke riƙe gaskiya, da inda yake sakinta.

Abin da gidan suka riƙe da kyau shi ne ranar mutuwar. Kyaftin yana aiki a sabuwar gonarsa a wani rafi da ake kira Long Run, gabas da Louisville ta yau, tare da 'ya'yansa maza uku, sai aka harbe shi daga cikin kurmi. Babban, Mordecai, ya ruga bukka inda bindiga take. Na tsakiya, Josiah, ya sheƙa zuwa shingen Hughes neman gudummawa. Ƙaramin, Thomas, ya tsaya cik kusa da gawar uban. Wani mutum ya fito daga daji ya nufi yaron, Mordecai ya auna shi ta tsakanin katakon bukka ya harbe. A wata wasiƙa ta 1854 Lincoln ya ce babu labarin da ya zauna masa a zuciya kamar wannan. Babu wata takarda da ta ƙaryata ƙashin bayan labarin. Shekarar ce ta zame, kuma a nan gizo ke saƙar, kamar yadda za mu gani.

Kafin nan sai an fahimci dalilin da ya sa aikin ke da wuya. A bakin iyakar Amurka ta wancan zamani babu ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Ƙidayar jama'a ta farko an yi ta a 1790, amma takardun Virginia da Kentucky na wannan shekara sun ɓata, na Kentucky na 1800 ma haka, shi ya sa masu bincike ke cike gurbin da jerin masu biyan haraji. Ko inda takardun suka tsira, har zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida adadi ne a cikin layi. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci. Ga kuma gobara. A watan Yuni na 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, an loda takardun kotun Rockingham a keken doki don a tsere da su, sojojin Arewa suka cim musu a hanya suka cinna wuta, wani ɓangare ya ƙone.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan ruɗa mai bincike, wato iyakokin gundumomi da ba sa zama wuri ɗaya. Ana cewa an haifi Kyaftin a gundumar Berks ta Pennsylvania a 1744, alhali Berks ba a ƙirƙire ta ba sai 1752. Ubansa John ya sayi eka 600 a rafin Linville a 1768, lokacin wurin yana ƙarƙashin Augusta. A 1778 aka yanke Rockingham daga cikinta, iyalin suna zaune a gida ɗaya gundumarsu ta sauya. Kentucky kuwa gunduma ce guda ta Virginia daga 1776, aka raba ta uku a 1780, aka ci gaba da yayyankawa, har ta zama jiha a 1792. Kowace sabuwar gunduma da kotunta da akawunta da rumbun takardunta, tsofaffin takardu kuma suna nan inda aka fara ajiye su. Wanda ya je neman takarda a garin da taswirar yau ta nuna masa, sau da yawa hannu rabbana zai dawo.

To me ya rage? Takardun ƙasa. Mutanen nan gona ta kai su daji, kuma gona ce kaɗai abin da hukuma ta damu ta rubuta dalla-dalla, saboda kuɗi ce. Dokar Virginia ta 1779 ta shimfiɗa matakai huɗu: mutum ya biya baitulmali a ba shi takardar izini, ya je ya yi rajistar wurin da yake so, a aiko mai safiyo ya auna, sannan gwamna ya sa hannu a takardar mallaka. Kowane mataki yana barin suna da kwanan wata. Farashin fam 40 ne a kan eka 100, da kuɗin takarda da yaƙi ya karya wa daraja. Ranar 4 ga Maris 1780 aka ba Kyaftin takardar izinin eka 400 a kan fam 160, sai dai akawun ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, Linkhorn. Mai bincike da bai san wannan ba zai wuce ta wurin bai gani ba. A shekarar ce kuma ya sayar da gonarsa ta Linville, kafin ya mutu ya tara sama da eka 5,000 a Kentucky, aƙalla a kan takarda.

Ya kamata a faɗi wani abu da takardar izinin ba ta faɗa ba. Ƙasar da baitulmalin Virginia ke sayarwa wurin farautar Shawnee da Cherokee ne da wasu al'ummomi. Sanarwar Sarkin Ingila ta 1763 ta hana Turawa zama bayan duwatsun. Daga baya aka yi yarjejeniyar Fort Stanwix a 1768 da Iroquois, waɗanda ba su ne mazauna wurin ba, aka yi ta Sycamore Shoals a 1775 da wasu shugabannin Cherokee, Shawnee kuwa ba su yarda an sayar musu da daji ba. Harbin da aka yi a Long Run wani yanki ne na yaƙin da ya biyo baya. Mutumin da Mordecai ya kashe yana da uwa da uba da dangin da suka jira dawowarsa, amma babu takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunansa, ko al'ummarsa ma ba a tabbatar ba. A ganina duk wanda ya ba da tarihin gidan Lincoln ya tsallake wannan, rabin labari ya bayar.

Mu dawo kan shekara. Lincoln ya yi imani 1784 ce, ya kuma ce ubansa yana da shekara shida aka bar shi maraya. Lissafin ya yi daidai da kansa, tunda an haifi Thomas a Janairun 1778. Amma takardar safiyon gonar Long Run tana ɗauke da ranar 7 ga Mayu 1785, kuma a cikin ma'aikatan awon akwai Abraham Linkhorn a matsayin mai sa alama a jikin itatuwa, Josiah da wani ɗan'uwansu Hananiah suna jan sarƙar awo. Ke nan yana raye shekara guda bayan lokacin da jikansa ya zata. Sai kuma wani jerin gudummawa na watan Satumba 1786, na yaƙin da kwamandan soja George Rogers Clark zai kai yankin Wabash, inda aka rubuta bindigar matar marigayi Lincoln. Tsakanin waɗannan biyu aka rutsa ranar. Abin da ya rufe magana shi ne wata ƙara ta gona da Mordecai ya shigar daga baya, inda ya shaida wa kotu cewa mahaifinsa ya rasu a watan Mayu 1786 bai bar wasiyya ba. Thomas ke nan yana da shekara takwas.

Mai karatu zai iya cewa shekara biyu ai ba wani abu ba ne. Amma a nan watanni ma suna da nauyi. Virginia ta gaji dokar Ingila wadda ta ce idan mutum ya mutu babu wasiyya, babban ɗa namiji shi ke ɗauke ƙasa gaba ɗaya, matar tana da haƙƙin cin moriyar sulusi iya rayuwarta. Ga wanda ya saba da rabon gado na shari'a, inda 'ya'ya maza ke samun kaso daidai kuma mata na da nasu, wannan doka tana da tsauri ƙwarai. Majalisar Virginia ta soke ta a 1785, amma sokewar ba ta fara aiki ba sai 1 ga Janairu 1787. Kyaftin ya mutu wata bakwai da 'yan kai kafin wannan rana. Saboda haka dubban ekokin nan suka zama na Mordecai, yaro ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar, Thomas kuma ya tashi yana ƙwadago a gonakin mutane, ya koyi kafinta, bai samu karatun kirki ba. Talaucin da aka haifi shugaban ƙasar a ciki a 1809 yana da tushe a wannan kwanan wata, shi kuwa ya mutu yana ɗauka maraici ne kawai sanadi.

Da kotun Nelson ta sa aka ƙididdige tarikar a 1789, abin da aka rubuta bai taka kara ya karya ba: dawakai biyu, 'yan shanu da maruƙa, bindigogi, gatura, farantan kuza, katifun gashin tsuntsu, tukunyar ƙarfe, da abin kaɗin zare. Irin wannan lissafi shi ke nuna wa mai bincike cikin ɗakin mutum. A gidajen wasu, a layin da ke bin na shanu ake samun mutane da sunansu na fari kawai da farashinsu. Ƙannen Kyaftin biyu, Jacob da ya zauna a Linville da Isaac da ya koma Tennessee, sun mallaki bayi. Jikokin waɗannan bayi idan suna neman asalinsu, a takardun gadon gidan Lincoln za su duba, domin ƙidayar 1850 da ta 1860 shekaru da jinsi da launi kawai ta rubuta musu ƙarƙashin sunan mai su. Sai a 1870 mafi yawansu suka shiga da cikakken suna.

Ƙasar da Thomas ya nema da guminsa ma ba ta zauna masa lafiya ba. Awon Kentucky da itace da dutse da kwanar rafi ake yinsa, takardun izini kuma sun fi ƙasar yawa, sai gona ɗaya ta samu masu ita uku. Ya sayi Mill Creek a 1803, ya sayi Sinking Spring a 1808, ya koma Knob Creek a 1811, ko'ina rikicin takarda na biye da shi. A ƙarshen 1816 ya haye kogin Ohio zuwa Indiana, inda gwamnatin tarayya ke auna ƙasa murabba'i-murabba'i tun kafin ta sayar. Daniel Boone, wanda ya sare hanyar shiga Kentucky a 1775, shi ma haka ya rasa gonakinsa. Ƙararrakin da suka talauta su, su ne yau suka fi amfanar masu bin salsala, saboda a gaban alƙali dole mutum ya faɗi ɗan wane ne shi.

Komawa baya daga Virginia ya fi ɗaukar lokaci. A 1859, cikin ɗan taƙaitaccen tarihin kansa da ya rubuta wa abokinsa Jesse Fell, Lincoln ya ce ƙoƙarin haɗa gidansu da Lincoln na New England, yankin da Hingham take, bai haifar da komai ba sai kamannin sunaye irin su Mordecai da Solomon da Abraham. Ya yi daidai da bai gina komai a kan suna ba. Gidan suna maimaita sunaye tamkar ba su da wasu, kuma a garin Hingham kaɗai, a farkon kafuwarsa, akwai Thomas Lincoln har huɗu, sai da sana'a ake bambanta su: masaƙi, mai niƙa, mai haɗa gangunan katako, da manomi. Gundumar Lincoln ta Kentucky ma da sunan Janar Benjamin Lincoln aka sa mata, shi kuma daga zuriyar mai ganguna ya fito, wani reshe daban.

Bayan rasuwar shugaban, wasiyyoyi da takardun ciniki suka haɗa sarƙar. Samuel Lincoln, mai koyon sana'a wajen wani masaƙi, ya taso daga yankin Norfolk na Ingila a 1637 ya zauna a Hingham ta Massachusetts, ya rasu a 1690. Ɗansa Mordecai maƙeri ne mai masana'antar ƙarfe. Ɗan wannan, shi ma Mordecai, ya bi sana'ar ƙarfe zuwa New Jersey, ya auri Hannah Salter, ya zarce Pennsylvania, ya rasu a 1736. A wasiyyarsa ya bar wa babban ɗansa John gona a New Jersey, John kuma ya sayar da ita a 1748, takardar cinikin tana bayyana shi a matsayin masaƙi mazaunin Pennsylvania. Irin wannan takarda, mai ɗaure mutum ɗaya da wurare biyu da uba ɗaya, ita ake nema ruwa a jallo. John ɗin nan ne ya sauka kwarin Shenandoah, inda rafin Linville yake, a 1768, shi ne uban Kyaftin. Solomon na Hingham bai yi kuskure ba da ya yi tambaya.

Batun Quaker kuwa rabinsa gaskiya ne. A Pennsylvania gidan Lincoln maƙwabtan gidan Boone ne, su kuma Boone 'yan ɗariƙar ne. A 1760 wani Abraham Lincoln, ƙanen John ta wajen uba, ya auri Anne Boone, 'yar baffan Daniel Boone, sai majalisar ɗariƙar ta Exeter ta tuhume ta da auren wanda ba nasu ba. Littafin da aka rubuta tuhumar shi ne shaidar cewa mijin ba ɗan ɗariƙa ba ne. Zama tare da auratayya ne suka rikiɗa a bakin jikoki suka zama "mu Quaker ne". Wannan ya sa nake ganin bai kamata a yi watsi da labarin baka ba ko da ya sha bamban da takarda. Ya nuna Pennsylvania, ya nuna unguwar da za a duba, kuma can aka samu abin da ake nema.

Inda takardun ƙasa suka fi gazawa shi ne wajen mata. A dokar lokacin, dukiyar matar aure tana hannun mijinta, sunanta ba ya fitowa sai za a sayar da gona ana bukatar ta yafe sulusinta. Rajistar izinin auren Kyaftin a Augusta, ta watan Yuni 1770, sunan ango kawai ta ɗauka. Matarsa Bathsheba ta bayyana ne a cinikin 1780, kuma wannan gibi na shekara goma ya sa wasu suka daɗe suna cewa ya yi wata mata kafin ita. Sunan gidansu, Herring, daga bakin dangi aka samo shi.

Na Nancy Hanks, matar Thomas, ya fi ciwo. Abokan hamayyar Lincoln sun yi ta yaɗa cewa iyayensa ba su yi aure ba, kuma an duba kotun Hardin, inda aka haife shi, ba a ga komai ba. Ashe auren a gundumar Washington aka ɗaura shi, ranar 12 ga Yuni 1806, a hannun wani limamin Methodist mai suna Jesse Head. Sai a 1878 aka zaƙulo takardar a rumbun kotun Springfield ta Kentucky, shekara 13 bayan an kashe shugaban. Ya bar duniya bai ga shaidar da za ta rufe bakin masu zagin uwarsa ba, don kawai an nema a gundumar da ba ita ba.

Asalin Nancy kanta ya raba masu bincike gida biyu na kusan ƙarni guda. William Herndon, abokin aikin lauyan Lincoln, ya ce Lincoln ya taɓa gaya masa cewa uwarsa 'yar Lucy Hanks ce da wani mai gona na Virginia, ba ta hanyar aure ba. A 1789 an kai sunan Lucy gaban kotun Mercer bisa zargin zina, daga baya ta auri Henry Sparrow aka bar maganar. Wasu, don kare mutuncin shugaban, suka kama wasiyyar Joseph Hanks ta 1793, wadda ta bar wa 'yarsa Nancy karsana, suka ce ga uwar Lincoln da ubanta na halal. Amma wannan wata Nancy ce daban, ƙanwar Lucy. Mai bincike William Barton ya tsaya a kan cewa Lucy 'yar Joseph ce da matarsa Ann Lee, duk da wasiyyar ba ta ambace ta ba. Wani mai binciken, Louis Warren, kuma ya ce Lucy 'yar gidan Shipley ce da ta auri wani Hanks ya mutu ya bar ta da Nancy. Duka biyun sun ci ƙurar rumbunan kotu, kuma takardu ɗaya suke karantawa.

A 2015 aka gwada ƙwayar halittar da ake gada ta wajen uwa kaɗai, daga jikokin Lucy ta layin mata, da jikokin sauran 'ya'yan Ann Lee mata, da jikokin matan Shipley. Na Lucy ya dace da na Ann Lee, a wani rukuni mai wuyar samu da ake kira X1c, bai dace da na Shipley ba. Wannan ya ba Barton gaskiya, ya kuma ƙarfafa abin da Herndon ya ce ya ji. Gwajin bai taɓa batun mahaifin Nancy ba, tunda irin wannan ƙwaya ba ta bin layin uba. Kuma dole ta rassan gefe aka bi, domin Nancy ba ta bar zuriya ta layin mata ba: 'yarta Sarah ta rasu wajen haihuwa a 1828, zuriyar shugaban da kowa ya yarda da ita kuma ta ƙare a 1985 da mutuwar Robert Todd Lincoln Beckwith. Mai son gwada layin maza na Kyaftin a yau, sai ya nemi jikokin Mordecai da Josiah, ko na ƙannensa da suka rage a Virginia.